Daɓen da Muka Yi wa Ɗorawar Inna

Shekarun baya, tun autata tana goye a bayana, na taɓa tara matan unguwarmu muka yi wa bishiya daɓe. E, bishiya, ba ɗakin amarya ba. Har yau akwai masu tsokanata da zancen a gidan biki. Jiya da la'asar ina tankaɗen garin ɗorawa, ƙamshinsa ya dawo min da abin gaba ɗaya, sai na ce bari in zauna in rubuta muku a hankali, yadda hannuna zai iya.

Garinmu yana arewa da Kano, cikin irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, ba ka gane inda ta wani ta ƙare sai ka ga layin gamba ko na lalle. Ta gabas da mu akwai dajin gwamnati. Itatuwan turare ne aka dasa a jere, dogaye, farare, in iska ta kaɗa su sai ka ji kamar ruwa ne ke tahowa. A bayansu kuma akwai filin da sojoji ke koyon harbi. Ba wanda ya taɓa ganin cikinsa a cikinmu. Abin da muka sani kawai, in an ɗaga jar tuta a kan tudu, to ba mai shiga itace, ba mai kai akuya. Sai ka riƙa jin ƙarar daga nesa, dim, dim, kamar mata na daka a wani gari da ba a zuwa. Ina ƙarama haka na ɗauka. Na taɓa tambayar mahaifiyata, "Inna, su waɗancan ba sa gama dakan ne?" Ta ce, "Gidan yawa ne, 'yar nan."

Daidai inda gonar ƙarshe ta haɗu da layin farko na turaren, a nan ɗorawar take. Gonar ba tamu ba ce, an daɗe da sayar da ita. Amma a wajenmu gona daban, itacen da ke cikinta daban. Mutum yana iya noma wuri shekara da shekaru, amma bai isa ya tsinki 'ya'yan ɗorawar da ke yi masa inuwa ba. Wannan ta mahaifiyata ce, ta samu a wajen tata uwar, ita kuma tun tana da rai ta ba ni a gaban mutane. Ba ta da gona, ba ta da saniya. Ita ce abin da ta bar min.

Ko lokacin kaɗa bai yi ba, Inna takan ɗauke ni mu je, wai za mu gaishe ta. Akwai wani reshe da ya sunkuyo ƙasa ya miƙe kamar hannu, a nan take ɗaura min lilo da tsohon zane. In na gaji sai in kwanta rigingine ina kallon sama. Wanda ya san furen ɗorawa ya san abin da nake nufi: jajaye, kowanne yana reto a ƙarshen dogon zarensa, kamar fitilun da aka manta ba a kashe ba har gari ya waye. Zuma na ta kuka a cikinsu, dakan nan na nesa yana ta tashi, Inna tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Haka barci ke ɗauke ni.

To, wata shekara bayan kaka wuta ta tashi daga wajen filin harbin. Wasu suka ce harsashi ne ya kama busasshiyar ciyawa, wasu suka ce masu farautar gafiya ne suka cinna. Allah ne masani. Ganyen turare kuwa mai ne da shi, in ya kama ba ya jin magana. Wutar ta ratsa dajin, ta shigo gonaki, ta cinye tarin karan mutane da rumbu guda a bakin gari. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, kuma iska ta kai ta ta kudu, ba ta biyo ta wajen ɗorawar ba.

Da shekara ta zagayo sai mai unguwa ya sa aka yi shela. Gwamnati da sojoji za su share wata hanya mai faɗi tsakanin dajin da gonakinmu, tsirara, ba ciyawa ba itace, yadda in wuta ta sake zuwa za ta rasa abin ci ta tsaya. Katafila za ta zo ta yi aikin. Kowa ya yi murna, har da ni.

Sai wata rana maigidana ya dawo daga gona ya zauna a gaban tuwo yana ta juya miya da yatsa. Na ce, "Malam, gishiri ne ya yi yawa?" Ya ce, "A'a. An bi an shafa wa itatuwan da za a ture fenti." Nan take na gane.

Washegari ya raka ni na gani da idona. Jan fenti ne, an gicciya layi a kan layi a jikin kututturen. Lokacin ban daɗe da shiga makarantar yaƙi da jahilci ba, kuma na san alamar nan sarai. Ita ce malamarmu ke yi min da jan biro in na ɓata aiki. Na tsaya ina kallonta, ina cewa a raina, to ita kuma ɗorawar Inna me ta ɓata?

Ni ba mai iya magana a gaban maza ba ce, muryata ma ba ta fita. Don haka na je na ɗauko gwaggona, ƙanwar mahaifiyata, tsohuwar da ko hakimi ba ta jin nauyin gaya masa hularsa ta karkace. Muka sami malamin daji, wato ma'aikacin da ke kula da dajin gwamnati, yana auna hanyar da igiya. Mu uku muka tsaya a gabansa, ni da Gwaggo da maigidana.

Gwaggo ta ce, "Kai yaro, kai ne mai fentin? Miyar gidanku da me ake yin ta?"

Ya durƙusa ya gaishe ta yana dariya. Ya ce, "Da daddawa, Baba. Wallahi ni ma ba son raina ba ne. Amma a tsakiyar hanyar take."

"To hanyar ta kauce mana. Wa ya riga wani zuwa?"

Ya miƙe ya yi mana bayani a natse. Ya ce wuta ba ta hawa babban itace haka kawai, sai ta sami abin takawa: ciyawa a ƙasa, busasshen ganye, reshen da ya sunkuyo. Daga nan sai ta kama sama, iska ta ɗebi tartsatsi ta watsa cikin gonaki, an yi aikin banza ke nan. Yana cikin magana ya ɗaga kai, ya nuna wani ƙaton dami a tsakanin rassa. "Kamar waccan harawar. Ta wa ce?"

Maigidana ya soma kallon yatsun ƙafarsa. Tasa ce. Duk manomin garinmu a kan itace yake ajiye harawa saboda awaki, kuma ba wanda ya taɓa tunanin abincin wuta ne muke rataye mata a sama. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Sannu, mai gadin bishiya."

Nan na samu na buɗe baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na riƙa share ƙarƙashinta fa?"

Ya ce, "Hajiya, kowa haka yake ce min. Sai damina ta wuce, ciyawa ta kai ƙugu, mai alkawarin yana Dawanau yana dako ko yana Watari yana noman rani. Ba shara ce damuwata ba, ciyawar da za ta sake fitowa ce." Ya ɗan yi tunani, sannan ya ce ranar da katafila ta iso nan zai sake duba wurin. In ya tarar da abin da zai iya nuna wa na gaba da shi, zai yi magana. In bai tarar ba, kada mu riƙe shi a zuci.

Na koma gida. Katafilar ta riga ta fara aiki daga arewa, kullum da hantsi muna jin gurnaninta yana matsowa.

Ana cikin haka na je gidanmu, gidan da aka haife ni. Ɗakin Inna rufinsa ya daɗe da faɗawa, ba wanda ya tayar, sai bango ya rage. Na shiga na zauna a inda gadonta yake da, ba don komai ba, kewa ce kawai. Rana ta sauko a kan ƙasan ɗakin. Ina shafa shi da tafin hannu ina tunanin wani abu daban, sai na ji santsinsa. Daɓen da aka yi mata tun tana amarya ne. Damina nawa ta sauka a kansa ba rufi, amma ga shi nan ja-ja-baƙi, yana ɗan sheƙi, ba ciyawa ko ɗaya sai a bakin bango inda ya tsage. Na daɗe a zaune. Har na ji kamar ƙamshin hayaƙin ɗakinta.

Ga yaran yanzu da suka tashi a kan siminti: daɓe shi ne a baza jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru su yi ta bugu da madaɓi, wani guntun katako mai faɗin ciki, har ƙasa ta haɗe ta zama kamar dutse. Sannan a bi ta da ruwan makuba. Makuba kuwa ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne ake jiƙawa. Ni kuma buhu-buhu nake da shi a bayan ɗaki, don Inna ba ta zubar da shi, ni ma ban iya zubarwa ba. Maigidana ya sha ce min gidan kunamu nake ginawa.

Da na gaya masa abin da ke raina, ya dube ni ya ce, "Daɓe? A daji? In an gama sai mu kai mata gado da jeren kwano?" Na ce, "Ni dai a taimaka min da jar ƙasa." Ya yi dariya har da tari. Amma da asuba na ji yana ɗaura wa jaki mangala.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Rabona da daɓe tun haƙorana na nan. Sai dai madaɓai, 'yar nan. Duk an hura wuta da su." Gidan da aka bi duka, ba a sami abin kirki ba.

Shi kuma reshen nan na lilo dole ne ya tafi, malamin daji ya riga ya faɗa. Ranar da maigidana ya ɗauki gatari na bi shi, amma da ya ɗaga hannu sai na juya baya ina kallon gari. Ina jin kowane sara a cikin haƙarƙarina. Da reshen ya faɗi ƙasa ta amsa, autata ta farka a bayana tana kuka, na ce yauwa, ki yi mana mu biyu. Gwaggo ta zagaya reshen tana ƙwanƙwasa shi da sandarta, ta ce, "Kada wanda ya kai wannan murhu. A kai wa masassaƙi." Daga shi aka fitar mana da madaɓai.

Matan ajinmu na yaƙi da jahilci su na fara gaya wa. Kowacce ta nemi izini a gida, wasu mazan suka bari don tausayi, wasu don su sami abin ba da labari a majalisa. Muka fita da sassafe da tuluna da ƙwaryar fura. An sauke harawa, an nome ciyawa, an baza ƙasa iya inda inuwar ta kai har da ƙari. Gwaggo ta sa aka bar zobe a gindin bishiyar ba a taɓa ba, ta ce nan ne bakinta, ta nan za ta sha ruwa. Ta zauna a kan tushe tana ba da umarni kamar sarauniya.

"Ke matar mai shayi, daɓe ake yi, ba lallashin yaro ba! Buga kamar shi ne ya dawo ba cefane!"

"Gwaggo, in na tuna shi ai sai ƙasar ta tsage!"

Aka kwashe da dariya. Can wata tsohuwa ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa, hannuwa suka daidaita. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mun jeru a durƙushe muna ja da baya, madaɓai na sauka tare, inuwar ganye tana yawo a bayan kowa, ruwan makuba yana ƙamshin damina. Ran nan kuma an ɗaga jar tuta. Sai ya zama in mun buga, can nesa a amsa, dim. Mu buga, a amsa. Na rufe ido na ji kamar matan garin nan da ba a zuwa ne suka ji mu a ƙarshe, suke taya mu. Kamar in na waiwaya zan ga Inna a ƙarshen layi, ɗankwalinta ya zame.

Da azahar wani soja ya ɓullo daga cikin turaren, ya tsaya daga nesa yana kallonmu. Ya ce, "Sannu Mama. Mun ji bugu, mun ce ko wani ne yake rama mana." Gwaggo ta ce, "Mu ne. Zo ka sha fura ka koma ka ce an fi ku." Ya sha kuwa, ya yi godiya, ya tafi yana waiwaye.

Muka bar daɓen ya sha iska, muka sake bi da makuba, muka sake. A garin kuwa ba irin sunan da ban samu ba. Uwar amarya. Mai ɗaki a daji. In na wuce sai in ji ana tambaya yaushe ne ɗaurin auren. Ni dai sai in yi murmushi, gurnanin katafila kuwa ya iso gonar maƙwabta.

Ranar da ta iso, ina tsaye a gefe da Gwaggo. Na ga yadda katafilar ta ture wata tsamiya a gabanmu kamar ana cire haƙori, saiwoyi a sama. Sannan ta nufo mu, ta tsaya. Direban ya kashe inji, shiru ya sauka har ana jin kukan kurciya. Ya diro, malamin daji na biye da shi. Suka zo bakin daɓen suka ja suka tsaya. Wurin ya bushe, ya yi ja-ja-baƙi, shararre, inuwa kwance a kai.

Sai direban nan ya sunkuya ya cire takalmansa. Ya ce, "Salamu alaikum," sannan ya taka.

Ba wanda ya ce masa ya yi. Ina jin ƙafarsa ce ta tuna ɗakin kakarsa. Malamin daji ma ya cire nasa. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa da dunduniya, ya ɗaga kai ya duba inda harawa take da, ya duba gurbin reshen. Ya koma gefe ya yi doguwar magana a waya. Ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ya dawo ya ce, "Hajiya, an yarda, amma da sharaɗi. Za a faɗaɗa hanyar ta wajen turaren a zagaye ta. Ke kuma duk shekara in ruwa ya ɗauke a sake bugawa. Ganye kada ya kwanta. Ranar da na tarar da ciyawa, fentin yana nan bai goge ba."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Iyakar abin da ya fito ke nan. Gwaggo ce ta rangaɗa guɗa.

Ba a daɗe ba aka gwada mu. Farkon bazara, ɗorawar na cikin fure, da tsakar rana sai hayaƙi ya turnuƙe gabas. Maza suka ruga da bokitai da ɗanyen ganye. Mu mata muka tsaya a bakin gari, ba a ganin komai sai baƙi, wani lokaci harshen wuta ya leƙo ta saman turaren. Ɗorawar ta ɓace a ciki. Ina ta addu'a, sai wata maƙwabciyata ta taɓa ni ta ce, "Ke kuma me za ki yi da wannan?" Na duba hannuna. Tsintsiya ce. Kowa ya fito da abin kashe wuta, ni tsintsiya na ɗauko, ban ma san na ɗauko ba.

Wutar ta zo bakin hanyar da aka share, ta yi ta kai da kawo, ta rasa wurin taka ƙafa, ta kwanta. Ko kara ɗaya bai ƙone a gonaki ba. Bayan la'asar aka bar mu muka je. Tun daga nesa na hango ɗorawar a tsaye cikin sauran hayaƙi. Gefen da ke kallon dajin ya babbake, ganyen ya murɗe, furannin sun zube. Gefen da ke kallon gari kuwa jajayen nan suna ta reto abinsu, kamar ba su ji labari ba. Toka ta rufe daɓen, an ga inda tartsatsi ya faɗo ya mutu, ɗigo-ɗigo. Ashe tsintsiyar tana da aiki. Na cire takalmi na fara shara daga gindi.

Yanzu Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta da Inna da dukkan namu. An canja malamin daji ya fi sau ɗaya, kowanne sabo sai an kawo shi ya ga wurin. Hanyar tana nan, in ka tsaya a kan tudu za ka gan ta ta miƙe sambal, sai a wuri ɗaya ta yi ɗan lanƙwasa kamar mai ba babba hanya. Duk kaka muna sake bugawa. Autar da ke goye ran nan ita ke ɗauko waƙa yanzu, ni hannuna ya fara gajiya. Masu wucewa suna salla a wurin. Maza sun sha roƙona in bar su su yi sussuka a kai, na ce a'a, ƙaiƙayi abincin wuta ne, kuma a nan kaɗai muryata ke fita.

Mutane kan tambaye ni abin da na koya, ni kuma ban iya manyan maganganu ba. Na dai lura da ina cewa ɗorawata, ɗorawata, alhali sau nawa nake zuwa in ba lokacin kaɗa ba? Sai da aka shafa mata fenti na koma zuwa gaishe ta yadda Inna ke yi. Fentin yana nan har yau, ya koɗe, ɓawo ya fara haɗiye shi, ban taɓa yarda a kankare ba. Gefen da ya ƙone ya warke, sai dai kullum shi ke makara wajen fure. In na gama shara nakan zauna a daɓen in jingina da ita, daidai ƙarƙashin gurbin reshen lilo. Can nesa a fara, dim, dim. Har yanzu ba su gama dakan ba, Inna.